Hannuna ya sage kuma yana zogi tun bayan tiyatar mama: an yanke min jijiya ne?

Tambaya

Assalamu alaikum, Likita. Ni mace ce mai shekara 46, a Kumo nake zaune. Wata biyar ke nan da aka cire min maman hagu saboda sankara, aka haɗa da kaluluwar hammata. Na gama kemo, wato magungunan kashe sankara, ina jiran a tura ni gashi, wato ƙona ragowar ciwon da hasken na'ura. Mikin ya warke lafiya lau, amma tun daga lokacin aikin cikin damtsena ya sage, daga hammata zuwa kusa da gwiwar hannu. Ko na mintsini wurin ba na ji, amma kuma yana min raɗaɗi, riga ma idan ta goga sai in ji kamar in yi ihu. Wani lokaci har ƙaiƙayi nake ji a kan maman da babu shi. Hannun ba ya ɗaguwa sosai, ɗankwali ma sai 'yata ta ɗaura min. A gida an ce in daina motsa shi, wasu sun ce a kira wanzami ya yi ƙaho, wata kuma ta ce ciwon ne ya dawo. Mai kemis ya ba ni tiramadol. An yanke min jijiya ne? Zai warke?

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Bari in fara da maganar da na san ita ce ke hana ki barci, wato ta matar da ta ce ciwon ya dawo. Abin da kika faɗa bai yi kama da haka ba. Sagewar cikin damtse wadda ta fara tun daga tiyata, ta tsaya a iyakarta ba ta ci gaba ba, mu masu wannan aiki mun saba da ita ƙwarai. Da wuya a zauna duba matan da aka yi wa aikin mama a tashi ba a ji ta ba. Sankara idan ta dawo ta kama jijiyoyin hannu kamanninta daban ne, kuma zan lissafa miki su can gaba. Amma fa sai likitanki ya sa hannu ya lalube hammatar da gindin wuyan kafin a rufe maganar.

Ko an yanke jijiya? Mai yiwuwa ne ƙwarai. Akwai wata siririyar jijiya, ba ta jini ba, ta ɗaukar saƙon ji, wadda ke fitowa daga tsakanin haƙarƙari na biyu da na uku, ta ratsa tsakiyar hammata, ta shiga fatar cikin damtse. A asibiti za ki ji ana ce mata intakostobrakiyal. Ko tsoka ɗaya ba ta motsawa. Aikinta kawai ta kai wa ƙwaƙwalwa labarin abin da ya taɓa wannan fatar. Damuwar ita ce wurin da take. Kaluluwar hammata, waɗanda yawansu kan kai 20 zuwa 40, a cikin kitse suke kwance, ita kuma jijiyar ta keta ta tsakiyar kitsen nan, kamar igiyar shanya da aka ɗaura ta tsakiyar ɗakin da ake son kwashe kayansa kaf. Mai kwashewa ko dai ya yi ta ɗaga igiyar yana jan ta gefe har ya gama, ko ya tsinke ta. Idan kaluluwar ba su kumbura sosai ba mukan yi ƙoƙari mu bar ta, ko da yake jan da take sha ma kan sa ta yi yaji na wasu watanni. Idan kuwa kaluluwa masu ciwon sun manne mata, babu likitan kirki da zai bar sankara a jikin mace don ya ceci jin fatar damtse. Tsinke ta a irin wannan hali ba ganganci ba ne. Kina da haƙƙin ki tambayi wanda ya yi miki aikin ko ya bar ta ko ya yanke, sau da yawa ana rubutawa a fayil.

A ƙasashen da mata ke zuwa asibiti ciwon yana ƙarami, tun shekarun 1990 aka koma cire kaluluwa ɗaya zuwa uku kacal, waɗanda farin ruwan jikin da ke fitowa daga naman maman ke fara zuba a cikinsu, a auna su, in sun fita da tsabta a bar sauran. Hakan ya rage sagewa da kumburin hannu sosai. Mu nan mafi yawan matanmu sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu suke isowa, an sha jiƙe-jiƙe an yi shafe-shafe, kaluluwa sun riga sun kama. Dole a kwashe hammatar gaba ɗaya, shi ya sa irin kukanki ya zama ruwan dare a wajenmu.

Abin da ya fi ɗaure wa mata kai shi ne yadda fata za ta mutu amma ta riƙa zafi. Ga yadda abin yake. Idan aka yanke jijiya, guntun da ya rage a haɗe da laka bai mutu ba. Yana nan da ransa, kuma bakin yankan yakan yi ta aika saƙo shi kaɗai ba tare da wani abu ya taɓa ki ba. Ita ƙwaƙwalwa abin da ta sani shi ne duk saƙon da ya biyo wannan hanya daga damtse yake, sai ta ce miki damtse ne ke ƙuna. Idan aka daɗe a haka, ita ma laka sai ta zama mai saurin firgita, har shafar riga, wadda jijiyoyin da ke maƙwabtaka suka ɗauko, ta fassara ta a matsayin ciwo. Wani lokaci kuma bakin jijiyar yakan yi ɗan ƙululu a ƙarƙashin tabo, wanda idan aka ƙwanƙwasa shi da yatsa za ki ji kamar lantarki ya ja ki har cikin hannu. Idan kina da irin wannan wuri guda ɗaya da za ki iya nunawa da kan yatsa, ki nuna wa likita, domin shi yana da nasa magani: allurar kashe zafi a daidai wurin, wani lokaci ma ɗan ƙaramin aiki a cire shi.

Ƙaiƙayin maman da babu shi ma daga nan yake. Ƙwaƙwalwa ba ta goge wurin daga lissafinta ba, jijiyoyin da suke zuwa can kuma suna aika saƙo. Waɗanda aka yanke wa ƙafa ma suna jin yatsunsu na ƙaiƙayi. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kuma hankalinki lafiyarsa ƙalau. Mata da yawa suna ɓoye wannan don kada a ce sun taɓu. Yakan ragu da kansa.

Don ki san ba ke kaɗai ba ce: a ƙasar Denmak an tambayi mata sama da 3,000 shekara biyu zuwa uku bayan tiyatar mama, aka wallafa sakamakon a 2009. Kashi 47 cikin ɗari sun ce har lokacin suna jin ciwo a wurin aikin ko hammata ko hannu, kashi 58 kuma suna da sagewa ko wani baƙon ji a fata. Amma a cikin masu ciwon, kashi 13 ne kawai nasu ya yi tsanani. An kuma ga cewa masu ƙarancin shekaru, da waɗanda aka kwashe wa hammata, da waɗanda aka yi wa gashi, sun fi samun sa.

To, zai warke? A nan sai mu raba sagewa da zogi, don ba tafiyarsu ɗaya ba. Idan jan jijiyar kawai aka yi, ji yakan dawo cikin makonni zuwa wata uku. Idan zaren cikinta ne ya lalace amma kubenta na nan, takan sake tsirowa, sai dai a hankali, kimanin milimita ɗaya a rana, wato wajen inci ɗaya a wata. Ki auna tsawon damtsenki ki ga watannin da hakan zai ci. Idan kuwa an tsinke ta gaba ɗaya, ba za ta koma ta haɗe ba. Abin da ke faruwa shi ne jijiyoyin gefe su miƙo rassa, filin da ya sage ya yi ta tsukewa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, amma galibi akan bar wani ɗan yanki da ba zai ƙara ji ba har abada. Gara in gaya miki gaskiya. Wannan ɗan yankin ba ya hana aiki, ba ya shanye hannu, kuma yawancin mata suna sabawa har su manta da shi. Shi zogin ne ba a cewa a yi haƙuri da shi kawai, don yana da magani, kuma da wuri ya fi jin magani.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, fiye da sagewar: rashin ɗaguwar hannun. Wannan ba aikin waccan jijiyar ba ne, tunda ba ta motsa komai. Kafaɗa ce ta fara ƙagewa, kuma shawarar da aka ba ki a gida ta daina motsa shi ita ce ke ciyar da matsalar gaba. Na san don tausayi suka faɗa. Amma gaɓar kafaɗa idan ta yi makonni a naɗe, jakar da ta lulluɓe ta takan tsuke, tabon ƙirji ya manne da abin da ke ƙarƙashinsa, tsokar gaban ƙirji ta gajarce. Mace ta ji zafi ta ƙara rungume hannun, kafaɗar ta ƙara ƙagewa. Idan kina da ciwon suga, ƙagewar ta fi saurin kamawa kuma ta fi wuyar saki. Ki duba kuma, idan kika miƙa hannun gefe, ko akwai wani abu kamar zare ko tsirkiya da ya miƙe a ƙarƙashin fata daga hammata zuwa gwiwar hannu, yana ja yana zafi. Wannan hanyoyin farin ruwan jiki ne da suka taurare bayan cire kaluluwa. Ba sankara ba ce, kuma miƙewa da tausa a hannun masu gashin ƙashi suna sakin sa.

Akwai wasu jijiyoyi biyu a hammata da suke motsa tsoka, waɗanda muke nema da ido mu kauce musu a lokacin aiki. Ɗaya tana gangarawa a jikin haƙarƙari, ita ke riƙe allon kafaɗa ya kwanta a bayanki. Gwajinta mai sauƙi ne: ki tsaya gaban bango, ki dafa shi da tafuka biyu ki tura, 'yarki ta tsaya a bayanki ta duba. Idan allon kafaɗar hagu ya ɗago ya turo waje fiye da na dama, to an taɓa ta. Galibi ja ne kawai ta sha, kuma takan farfaɗo cikin watanni, wani lokaci har shekara ko fiye, amma atisayenta daban ne, don haka a faɗa wa mai gashin ƙashi. Ta biyun tana zuwa ga faffaɗar tsokar baya, kuma rauninta ya fi bayyana wajen kai hannu baya, kamar ɗaura zani ko cuɗa baya.

Dalilin da ya sa nake matsa miki a kan kafaɗar nan shi ne gashin da kike jira. Duk inda aka tura ki, Zariya ce ko Abuja ko wani wuri, kwantar da ke za a yi a kan gado mai tauri, hannun a ɗage sama da kai, ki tsaya cak na mintuna, kuma a maimaita haka kullum har sau 15 ko 25 gwargwadon tsarin da aka zaɓa miki. Macen da hannunta bai ɗaguwa, akan ce ta koma ta gyara kafaɗa tukuna, ga kuɗin mota ya tafi, ga lokaci ya tafi. Don haka daga yau za ki fara.

Ki kwanta rigingine a kan tabarma, ki riƙe sanda ko muciya da hannu biyu, ki ɗaga ta sama a hankali zuwa bayan kanki, lafiyayyen hannun yana jan mai ciwon. Inda kika ji ya ja, ki tsaya ki ƙirga goma, ki sauko. Sannan ki fuskanci bango, ki hau shi da yatsu kaɗan-kaɗan har inda za ki iya, ki sa alama da gawayi. Ki juya gefe ki sake yin haka. Alamar nan tana da amfani, don ita za ta nuna miki kina ci gaba a ranar da zuciya ta ce ba ki yi. Na uku, kina kwance ki haɗa yatsu a ƙeya, ki buɗe gwiwoyin hannu su nufi ƙasa. Kowanne sau biyar zuwa goma, sau uku a rana. Ni nakan ce wa mata su ɗaura shi a kan salla, bayan Asuba da La'asar da Isha'i, don abin da aka ɗaura a kan salla ba a manta shi. Jin ja da ɗan tsami daidai ne. Suka mai tsini, ko zafin da ya kwana bai lafa ba, alama ce kin zarce, sai ki rage, ba ki daina ba. A Birtaniya an gwada wannan a kan matan da aka yi wa tiyatar mama, aka fitar da sakamako a 2021: waɗanda suka fara atisaye a ƙarƙashin masu gashin ƙashi tun kwana bakwai zuwa goma bayan aiki sun fi sauran amfani da hannu bayan shekara, ciwonsu ya fi sauƙi, kuma kumburin hannu bai ƙaru ba. Ke kin wuce wancan lokacin, amma ƙofa ba ta rufe ba. Kumo zuwa Gombe ba nisa, ki nemi a rubuta miki takarda zuwa sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya. 'Yan'uwanmu na Bauci kuma akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Ita fatar da ba ta son riga, ba gudun taɓa ta za ki yi ba, koya mata za ki yi. Ki samu auduga ko ƙyalle mai laushi ki riƙa shafa wurin a hankali na minti biyu zuwa uku, sau da yawa a rana, kina kallon abin da kike yi. Idan ta saba ki koma atamfa, daga nan tawul. Ki fara daga gefen da ba ya zafi ki shigo ciki. Tabon ma, tunda ya warke, ki riƙa murza shi da man kaɗanya, kina motsa fatar a kan ƙashi don kada ta manne. Idan an fara gashi dai, kada ki shafa komai a wurin sai abin da ma'aikatan can suka yarda da shi. Riga mai ɗinki ko leshi mai kaushi a hammata ki ajiye ta tukuna. Maigida ma ki yi masa bayani ƙarara: ga inda ke zafi, ga inda ba ya yi. Maza da yawa suna janye jiki ne don tsoron kada su fama ciwo, matar kuma ta ɗauka ƙyama ce.

Aikin gida fa? Shara, wanke-wanke, tankaɗe, girki mara nauyi, duk ki koma yi, su ma atisaye ne. Daka da jan guga da tuƙa tuwon gidan yawa su ne za ki shiga da kaɗan-kaɗan, ba rana ɗaya ba. A da akan hana mata ɗaukar duk wani abu mai nauyi da hannun har ƙarshen rayuwa, amma wani bincike da aka yi a Amurka a 2009 ya nuna cewa ɗaga nauyi da ake ƙarawa sannu a hankali bai ƙara kumburin hannu ba, ya ma rage tashinsa. Abin da ke cutarwa shi ne hannu ya yi wata biyar a kwance, ranar biki ta zo a ba shi taɓarya.

Ƙaho kuwa, a'a. Ban da ƙaho, ban da tsaga, ban da sakiya a wannan hannun da wannan ɓarin ƙirjin, yanzu da nan gaba. Kaluluwar da aka cire su ne masu tace ƙwayoyin cutar da suka shigo ta fatar hannun. Yanzu babu su, ƙaramin yanka ma yana iya zama ciwon da zai kumbura hannu ya kawo zazzaɓi, kuma kowane irin wannan tashi yana ƙara toshe hanyoyin ruwan da suka rage. Ba kuma mataccen jini ne ya taru ba balle a zuƙe shi. Haka gasa wurin da tawul da ruwan zafi: fatar da ba ta ji ba za ta gaya miki tana ƙonewa ba, sai dai ki ga ta tashi. Ruwan wanka da na alwala a lokacin hunturu ki riƙa gwada shi da hannun dama. Man zafi mai ƙarfi ma ki bar shi. Wajen cire gashin hammata, ki ajiye reza, ki yi da almakashi ko ɗan injin aski, a gaban madubi. Jan lalle na gargajiya babu laifi idan fatar ba ta da rauni, amma baƙin nan na kanti mai sinadari yakan ƙona fata, ki kiyaye shi. Awarwaro da zobe masu matsewa ki mayar da su dama. Allura da awon jini kuma, idan da hali a yi a dama. Idan larura ta sa aka yi a hagu sau ɗaya, kada ki tayar da hankalinki, binciken baya-bayan nan bai nuna haɗarin ya kai yadda ake tsoro a da ba.

Sai maganar magani. Farasitamol da diklofenak da ibufurofen suna taimaka wa tsamin tsoka da gaɓa, amma zogin jijiya ba ya jin su sosai, shi ya sa mata ke ta ƙara yawan ƙwaya har su jawo wa kansu gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Magungunan da ke kwantar da jijiya daban ne. Mafi sauƙin kuɗi shi ne amitiriftilin, wanda akan fara da ɗan kaɗan, miligiram 10 zuwa 25 da dare. Idan kika karanta takardarsa za ki ga an ce na damuwa ne. Kada ki ce likita ya ɗauke ki mai taɓin hankali, a wannan ƙaramin awo don jijiya ake ba da shi. Yana busar da baki, yana sa barci, don haka a sha shi da wuri bayan Magariba, kada ya sa ki makara Asuba. Mai ciwon zuciya ko hawan ruwan ido sai an yi hattara. Akwai kuma gabapentin da piregabalin, waɗanda ake rage awonsu ga mai ciwon ƙoda, da duloksetin. Dukansu ba sa aiki rana ɗaya, sai an ba su mako biyu zuwa huɗu, ana ƙara awo a hankali, kuma ba a yanke su farat ɗaya. Likita ne zai zaɓa, musamman idan an sa ki a kan tamoksifen, ƙwayar da ake sha don hana sankarar mama dawowa, domin wasu magungunan damuwa irin su paroksetin da fuluoksetin suna rage masa ƙarfi. Idan waɗannan ba su isa ba, likitocin sa barci suna yin allurar toshe jijiyar.

Tiramadol ɗin mai kemis ban ji daɗinsa ba. Ba wai ba shi da amfani sam ba ne, mukan ba da shi na ɗan lokaci. Amma ciwonki na watanni ne, shi kuma jiki yana sabawa da shi, kuma duk mun ga abin da ya yi wa samarinmu. Idan aka haɗa shi da amitiriftilin ko duloksetin ba da sanin likita ba yana iya kawo jijjiga. Ki duba kwalin: na asibiti miligiram 50 ne ko 100, mai 225 kuwa haramtacce ne. Idan kin yi makonni kina sha kullum, kada ki yar da shi yau, a rage miki shi a hankali.

Wani abu da ake yawan cakuɗawa da wannan: idan cikin kemon da aka yi miki akwai paklitaksel ko dosetaksel, suna taɓa ƙarshen jijiyoyi. Alamarsa ita ce yana kama hannu biyu da ƙafa biyu daidai wa daida, daga kan yatsu, har ɓalla maɓalli ko zura zare a allura ya yi wuya. Wannan ba ruwansa da wuƙa. Yakan ragu cikin watanni bayan gama kemo, ko da yake wasu ba ya barinsu duka. Ciwon suga da ƙarancin bitamin B12 suna ƙara shi, don haka a auna su. Masu shan letirozol ko anastirozol, ƙwayoyin hana sankarar mama dawowa, kuma sukan samu ciwon gaɓoɓi da sagewar babban yatsa da manuniya da na tsakiya cikin dare, saboda matsewar jijiya a wuyan hannu. Ba dalilin daina maganin ba ne, a faɗa wa likita ne.

Ga alamomin da na ce zan ba ki, waɗanda ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. Sabon ciwo mai tsanani da ya taso daga kafaɗa ko gindin wuya ya gangara har ƙaramin yatsa da na kusa da shi, yana ƙaruwa mako bayan mako, yana tashin ki cikin dare. Yatsu su fara rauni, kofi ya riƙa suɓucewa, ko tsokar tafin hannu ta rame. Fatar ido ɗaya, ta ɓarin da aka yi aikin, ta ɗan sauko. Ƙululu a saman ƙashin wuya, ko a hammata, ko ƙananan ƙulle-ƙulle a kan tabo. Waɗannan su ne ke sa mu zargi cewa wani abu na danne babban curin jijiyoyin da ke fitowa daga wuya zuwa hannu, sai a yi hoto. Shi ma gashi, nadiran, yakan taurare naman da ke kewaye da wannan curin bayan watanni ko shekaru, amma nasa ya fi zuwa da sagewar yatsu da rauni a hankali, ba da ciwo mai tsanani ba. Waɗanda kuma ake tafiya asibiti a ranar, ko dare ne: hannu ya yi ja ya yi zafi da zazzaɓi, hannu ya kumbura farat ɗaya ya canza launi, wanda kan nuna gudan jini, ciwon baya ko wuya tare da nauyin ƙafafu ko rikicewar fitsari, ciwon hannun hagu da danne ƙirji da gumi. Idan kuma ƙuraje masu ruwa suka fito a jere a ɓari ɗaya bayan kwanakin raɗaɗi, ƙwayar cutar ƙarambau ce ta farka saboda kemo ya raunana garkuwar jiki, kuma maganinta ya fi aiki cikin kwana uku na farko.

Kumburin hannu na sannu-sannu shi ma ki sa masa ido, don yakan samu kusan mace ɗaya cikin biyar bayan kwashe hammata, kuma gashi yana ƙara yiwuwarsa. Ki ari tef ɗin tela, ki auna kaurin hannuwan biyu a wuri ɗaya, santimita 10 sama da gwiwar hannu da santimita 10 ƙasa da ita, sau ɗaya a wata, ki rubuta. Idan hagu ya fi dama da santimita biyu, ko zobe ya fara matsewa, ko hannun ya riƙa yi miki nauyi da yamma, ki je tun yana laushi, lokacin da safar hannu ta roba da tausa suke iya mayar da shi.

Ranar da za ki koma asibiti, ki sa 'yarki ta zagaye iyakar wurin da ya sage da biro, ta ɗauki hoto a waya, ku maimaita duk wata. Da haka za a gani ko yana tsukewa ko yana faɗaɗa. Kada ki ce wa likita “hannuna na ciwo” kawai, layi na da tsawo, zai rubuta miki farasitamol ki fito. Ki ce masa raɗaɗi ne da jan lantarki a fatar da ta sage, riga na fama shi, yana hana ki barci, kuma hannun iya nan yake ɗaguwa alhali kina jiran gashi. Ki roƙi ya duba allon kafaɗar, ya lalube saman ƙashin wuya, a auna suga. Idan kuɗi ya yi wuya ki tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya game da asusun tallafa wa masu sankara na Gwamnatin Tarayya, domin asibitin koyarwa na Gombe yana cikin guda shida da aka fara shi da su, kuma sankarar mama na ciki. Ki tafi da tiramadol ɗin a kwalinsa, da duk wani abu da kike sha ko shafawa, har na gargajiya.